Nahawun Kalangu

Masu jiran ci gaban littafi su yi mini afuwa a wannan makon, wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi, na ga idan ban fitar da ita ba alƙalamin ma ba zai tafi daidai ba. Maganar kuwa ta kiɗa ce, da masu yin karatunsa har su zama farfesoshi a kansa.

Bari in fara da daktoci biyu. A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba marigayi Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa, shi ya sa har gobe ake ce masa Dokta. Wannan kowa ya sani, har yaran da aka haifa bayan rasuwarsa a 1999. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, shekara 13 kafin nan, wato a 1975, Malam Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya sami nasa digirin na dokta a Jami'ar Indiana ta Amurka, kuma abin da ya nazarta Shatan ne da waƙoƙinsa. Ɗaya ya yi waƙa aka ba shi. Ɗayan ya zauna ya saurara, ya yi tambayoyi, ya rubuta, shi ma aka ba shi. To, aikin na biyun nan sana'a ce mai zaman kanta, ana ɗaukar mutum aiki a kanta, a biya shi albashi, ya ciyar da iyali, ya tsufa a cikinta.

Ni karatuna na boko a sakandare ya tsaya, amma rubutun littafi na sama da shekara 20 ya shigar da ni jami'o'i da dama, ko dai taron marubuta, ko ɗalibai su zo hira da ni don kundinsu, su bar mini littattafai. Ta haka na ga irin aikin da malamanmu na sashen harsuna suka yi wa waƙar baka, kuma aiki ne ba ƙarami ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kaɗai ya ishe mu misali, da littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993 da kuma Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Ɗalibi zai koyi fitar da turken waƙa, ya ware gindinta da ɗiyanta, ya nuna maka zambo da habaici da kirari. Sai dai su malaman harshe ne, makaminsu kalma. Idan aka ɗora waƙar Narambaɗa a takarda, kalmomin za su jeru reras, amma kotson a bakin ƙofa ake barin sa. Ga abin da mawaƙi ya faɗa, ina abin da hannun makaɗi ya yi?

Akwai ilimin da ya keɓanta da wannan tambayar, ilimin ƙa'idojin kiɗa, ni dai nahawun kiɗa nake kiran sa. Mai karatu, ka san kakarka ta ƙauye ta fi ni da kai iya Hausa, alhali ba ta taɓa jin an ce aikatau ko wakilin suna ba. Ƙa'idar tana bakinta, sai da masana suka zo suka zaƙulo ta suka rubuta. Haka kiɗa yake. Me ya sa da jin bugun farko za ka ce wannan Ɗanƙwairo ne, tun bai buɗe baki ba? Me ya raba kiɗan noma da kiɗan dambe, har jikinka ya san wanda ake sunkuya wa da wanda ake zabura? A daidai wane bugu 'yan amshi suke shigowa, kuma yaya aka yi mutum biyar suke faɗawa lokaci guda ba tare da an ɗaga musu hannu ba? Matakan murya nawa mai goge yake hawa yana sauka? Duk waɗannan suna da amsa, ana auna su, ana rubuta su.

Kuma kada a ce Turawa ne suka ƙago shi jiya. Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya rubuta babban littafi a kan kiɗa, ya yi lissafin tazarar da ke tsakanin sauti da sauti a jikin tsarkiya. Shi kansa arulin da malamanmu suke auna rubutacciyar waƙa da shi, wanda Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara, ai awon gajeren sauti ne da dogo, ɗan'uwan wannan ilimin ne na kusa. Turawa kuma suka ɓullo da rubutun kiɗa a kan layuka biyar, wanda ya sa yau yaro a Japan zai buɗe takarda ya kaɗa abin da wani ya tsara a Jamus shekara 300 da suka wuce.

Abin da ya jawo ni cikin maganar nan gida ne. Ina da ɗa, ɗan yayana, wanda ya gama sakandare yana zuwa wani situdiyo a nan Kano yana kaɗa fiyano. Yaro ne mai kunne, idan ya ji kiɗa sau ɗaya ya ɗauke shi. Da lokacin cike takardar JAMB ya zo, sai ya ce shi kiɗa yake so ya karanta, kuma burinsa ya koyar a jami'a. Gidan ya ɗauki zafi. Yaya ya aiko aka kira ni, don ya san yaron ɗan ɗakina ne.

"Ke yanzu da hankalinki," in ji shi, "ki ce in biya kuɗin makaranta shekara huɗu don yaro ya fito maroƙi? A gidan nan wa ya gaji roƙo?"

Na ce, "Yaya, Allah Ya huci zuciyarka. Ka ba ni mako biyu in bincika, sannan in kawo maka abin da na samo."

Ban ga laifin Yaya ba. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, kuma kowace sana'a da nata makaɗan: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, tambari da kakaki na sarakuna. Muna son makaɗi a ranar biki, mu yi masa liƙi, amma idan ya aiko neman auren 'yarmu sai a fara kallon-kallo. Ga kuma saɓanin malamai a kan hukuncin kiɗa, wanda ba fagena ba ne, na bar wa masu shi. Abin da zan ce kawai, ita ma wannan mas'alar sai da wani masanin kiɗa Bajamushe, Veit Erlmann, ya bi rubuce-rubucen shugabannin jihadin Sakkwato ya tattara abin da suka faɗa a kan kiɗa, ya fitar da littafi a 1986. Mai nazarin abu daban, mai yin sa daban, kamar yadda likitan da ke nazarin cuta ba shi ne majinyaci ba.

A cikin mako biyun nan ni da yaron muka duƙufa, yana karanto mini Turancin da ya fi ƙarfina a waya, ina tambayar malaman da na sani. Wata rana ya zo da ƙaramin fiyanonsa ya ajiye a gabana ya ce, "Gwaggo, danna baƙaƙen nan kawai, kada ki taɓa farare." A jikin fiyano madannai rukuni-rukuni suke, kowane rukuni 12, bakwai farare, biyar baƙaƙe. Na bi baƙaƙen ina dannawa yadda na ga dama, sai na ji wani abu mai kama da waƙoƙin daɓe da na niƙa da muka tashi muna ji. Ya ce ai da yawa daga kiɗanmu na gargajiya a kan matakai biyar yake tafiya, shi ya sa. Abin da kunnena ya sani tun ina goye, ranar na fara ganin sa da ido.

Mutumin da na kai wa Yaya labarinsa shi ne marigayi Farfesa Akin Euba. Bayarabe ne, an haife shi a Legas a 1935. Ya je Landan ya koyi fiyano da tsara kiɗa a kwalejin kiɗa ta Trinity, ya dawo ya yi aiki a gidan rediyon Nijeriya har ya shugabanci sashen kiɗa. Daga nan ya ƙaro karatu a Jami'ar Kalifoniya, sannan ya tafi Jami'ar Gana da ke Legon ya yi digirin dokta a 1974, a hannun Farfesa Kwabena Nketia, wanda littafinsa a kan kiɗan Afirka na wannan shekarar ya zaga duniya. To, a kan me Euba ya yi doktan? A kan dundun, gangar Yarbawa mai siririn ƙugu da tsarkiyoyi, wadda ake matsewa don muryarta ta hau ko ta sauka. Mai karatu, me wannan ya tuna maka? Ai 'yar'uwar kalangu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutumin da ya ƙware a kiɗan Turawa ya koma ya durƙusa gaban makaɗan gargajiya, ya rubuta yadda babbar gangar da suke kira uwar ganga take magana, sauran suna riƙe mata bugu. Aikin ya fito a littafi a 1990. Ya koyar a Ile-Ife da Legas, ya yi bincike a Bayreuth ta Jamus, ya zama farfesa a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka daga 1993 har ya yi ritaya a 2011, ya rasu a 2020. Kuma bai tsaya ga nazari ba, ya yi amfani da abin da ya gano ya tsara sabon kiɗa, ciki har da wasan kwaikwayo na waƙa mai suna Chaka, da wani salo na kaɗa fiyano kamar ana kaɗa gangunan Afirka.

Akwai kuma Farfesa Kofi Agawu, ɗan Gana, haihuwar 1956, wanda ya koyar a manyan jami'o'in Amurka irin su Yale da Princeton. Littafinsa na farko a 1991 a kan kiɗan Turawa ne, su Mozart da Beethoven, wato ya shiga gonarsu ya nuna musu ya iya noma. A 1995 sai ya juyo gida ya rubuta a kan bugun kiɗan mutanen Ewe na yankin Volta. A wani littafin na 2003 ya yi jayayya da masu ɗaukar kiɗan Afirka abin kallon al'ada kawai, ya ce a feɗe shi dalla-dalla kamar yadda ake feɗe na kowa. Wannan magana ta zauna mini, don irinta aka yi ta yi a kan littattafanmu na kasuwar Kano kafin a yarda sun isa a nazarce su.

Namu kiɗan fa? An taɓa shi, kuma baƙi ne suka fi taɓa ɓangaren sautin. A 1971 wasu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, sunayen kayan kiɗa da na makaɗa da lokutan da ake yin kowanne. A wannan shekarar Fremont Besmer ya yi dokta a Jami'ar Columbia a kan kiɗan fadar Kano, daga baya a 1983 ya fitar da littafi a kan kiɗan bori. A 2019 wata mujallar ilimin harshe ta Amurka ta buga binciken Bruce Hayes da marigayi Russell Schuh a kan yadda gajerun gaɓoɓi da dogaye suke zama a kan bugu idan ana rera waƙar Hausa mai karin rajaz. Mun gode musu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Baturen da ya zo shekara biyu da tafinta ba zai ji abin da yaron da aka yi wa rawar kalangu ranar sunansa zai ji ba, idan har an ba yaron kayan aiki irin na Baturen.

Kuma aikin bai tsaya ga na da ba, kiɗan yau ma yana jiran masu bincike. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda asalinsa farfesan koyar da kimiyya ne kafin ya tsunduma nazarin kafafen sadarwa da al'adu, ya bi diddigin yadda fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano a shekarun 1990, da yadda aka riƙa juya waƙoƙin finafinan Indiya zuwa Hausa har nanaye ta kafu. Brian Larkin ya rubuta a kan masu bandiri da suke ɗaukar karin Indiya su ɗora yabo a kai. Sun ba mu tarihin da dalilan. Saura mai shiga cikin sautin kansa.

Ga misali ɗaya. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya haruffansu ɗaya, abin da ya raba su shi ne a ta miya murya takan sauka a ƙarshe. Da wannan hawa da saukar ne mai kalangu yake matse tsarkiya a hammata ya kira takenka, ka juyo ba tare da an ambaci sunanka ba. To, idan aka ɗauko karin da aka tsara don harshen Hindi aka cusa masa kalmomin Hausa, wa yake rusunawa, harshen ko karin? Me ya sa wata waƙar fim sai ka saurara sau uku kafin ka gane abin da ake faɗa, alhali ta Barmani Choge ko ta Ɗanmaraya Jos kana ji kana ɗauka? Ga kuma manhajar Auto-Tune da ta fito a 1997, wadda take jan muryar mawaƙi ta dasa ta a kan matakan fiyano. Goge tsarkiya ɗaya gare shi, ba shi da madannai, mai shi yana iya zamewa ya tsaya a tsakanin mataki da mataki, haka ma muryar mawaƙan da. Idan duk muryoyin yaranmu suka bi ta cikin na'urar nan shekara 30, me zai saura na wancan zamiyar? Wataƙila asara ce, wataƙila wani sabon abu ne mai kyau yake tsirowa. Musu a dandali ba zai raba gardamar ba, sai wanda ya auna tsohon faifai da sabo ya ajiye su gefe da gefe.

Ban ɓoye wa Yaya wahalar hanyar ba, don shi ɗan kasuwa ne, lissafi yake ji. Sassan koyar da kiɗa da suka yi suna a Kudu suke, irin na Jami'ar Nijeriya ta Nsukka da aka buɗe a 1961, da na Ile-Ife, don haka yaro zai yi nisa da gida. Kafin ya shiga sai ya iya karanta rubutun kiɗa, abin da ba a koya masa a makarantar da ya gama ba. Shekara huɗu digirin farko, shekara ɗaya bautar ƙasa, sannan digiri na biyu, sannan na uku. Idan ya yi sa'ar samun gurbi zai fara daga ƙasan tsani, kuma ba a hawa sai da maƙalun da aka buga a mujallun ilimi. Shi kansa Euba yana da shekara 39 ya zama dokta. Ga yajin aiki, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Albashin kuwa, abin da yaron situdiyo zai samu a kakar siyasa ko lokacin bukukuwa yana iya fin na ƙaramin malamin jami'a. Duk wannan gaskiya ne. Abin da na ɗora a ɗaya gefen sikelin shi ne, masu kaɗa fiyano a Kano sun fi a ƙirga, gobe wani yaron zai zo da sabon salo a manta da kai, amma Bahaushen da zai iya rubuta abin da kalangu yake yi, ya bayyana shi ga ɗalibi a Kano da kuma taron masana a Landan, wurinsa a buɗe yake.

Yaya bai ce e ba, bai kuma ce a'a ba. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, a ba yaron shekara guda a gani ko da gaske yake. Yanzu da safe yana zuwa wurin wani tsohon ɗan badujala mai ritaya yana koyon rubutun kiɗa, da yamma kuma ya tafi wurin wani dattijon makaɗin mahauta da littafinsa. Ya gaya mini ranar farko dattijon kallon sa ya yi ta yi, sannan ya ce, "Ɗana, shekara 50 ina kaɗawa, kuɗi ake liƙa mini, ba wanda ya taɓa tambayata me hannuna yake yi." Ya ce da ya roƙe shi ya maimaita wani bugu a hankali don ya rubuta, sai da tsohon ya yi dariya, ya ce shi hannunsa bai san a hankali ba. Suna nan suna fama, mako uku suka yi a kan take ɗaya.

Abin da yake sa ni gaggawa shi ne irin wannan dattijon ƙarewa suke yi. Ɗanƙwairo ya tafi a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Su dai an san sunayensu, an rubuta kalmominsu. Makaɗan da suka tsaya a bayansu shekara da shekaru fa, waɗanda su ne suka riƙe waƙar ta tsaya da ƙafarta? 'Ya'yansu da yawa sun kama acaba ko sayar da waya, ba su ɗauki gula ba. Tsofaffin faifai da kaset suna nan a gidajen rediyo da shagunan masu turi, zafi da ƙura suna cin su. Faifai yana ajiye sauti, amma ba ya gaya maka dalilin da ya sa aka buga nan aka tsallake can. Wannan sai an tambayi mai hannun tun yana numfashi.

Daga ƙarshe, kira gare mu marubuta. Ku duba taurarin littattafan da ake rububi a kasuwa: likita, barista, matuƙin jirgin sama, babban soja, ko ɗan Alhaji da ya dawo daga Ingila da digirin kasuwanci. Yaranmu a nan suke fara ganin irin mutumin da za su so su zama, iyaye mata ma a nan suke ganin irin surukin da ya dace. Littafin da nake shirin farawa bayan wannan, tauraronsa ƙaramin malamin jami'a ne mai tsohon babur, yana yawo ƙauyukan Zamfara da Katsina da na'urar ɗaukar magana yana neman sauran masu kotso da taushi, iyayen yarinyar da yake so kuwa sun rantse ba za su ba maroƙi 'yarsu ba. Duk wanda yake da tsohon makaɗi a danginsa ko a unguwarsu, ya taimaka ya je ya gaishe shi, ya tambaye shi sunayen kiɗe-kiɗen da ya iya da wanda ya koya masa, ya rubuta ya ajiye. Zan so in ji abin da kuka samo.

Mu kwana nan. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace.